Jigon Tsira da Sanin Kai a Adabin Kanada

A shekarar 1972 Margaret Atwood ta wallafa littafinta Survival, inda ta kafa hujja cewa jigon da ya ratsa adabin Kanada shi ne tsira, watau kuɓuta da rai daga abin da ke neman halaka mutum. A ganinta adabin Amurka yana kirarin wanda ya kutsa sabuwar ƙasa ya mallake ta, amma gwarzon Kanada in ya fita daga hunturu da ransa, to, ya ci nasara. Tun a 1965 Northrop Frye ya riga ya kwatanta marubutan ƙasar da mutanen da ke cikin ganuwa, daji ya kewaye su, suna fargabar abin da ke waje.

Hujjar tana da madogara. Susanna Moodie, cikin Roughing It in the Bush na 1852, ta bayyana wahalar baƙi daga Ingila a dajin da yau yake cikin Ontariyo. Sinclair Ross kuma, cikin As For Me and My House na 1941, ya nuna yadda fari da kaɗaici ke cin zuciyar matar wani limamin coci.

Amma lalle ne mai nazari ya tambaya: tsirar wa, daga me kuma? Ga masu jin Faransanci, tun da Ingila ta ci birnin Kwibek a 1759, abin tserarwa shi ne harshe da addini. Shi ya sa budurwar da ke cikin Maria Chapdelaine na Louis Hémon ta ƙi manemin da zai kai ta Amurka, ta zauna ƙasar iyayenta.

Ga 'yan asalin ƙasar kuwa, dajin da baƙo ke tsoro gida ne, hatsarin daga baƙon ya zo. Richard Wagamese, cikin Indian Horse na 2012, ya ba da labarin yaro ɗan ƙabilar Ojibwe da aka kai makarantar kwana, irin waɗanda aka kafa domin raba yara da harshensu da al'adunsu.

Ashe ke nan kalma ɗaya ce ta rufe tarihi uku. Malamin da ya koyar da jigon tsira bai rarrabe su ba, ya ba ɗalibansa Kanadar baƙi kurum, ya bar sauran a bayan ganuwa.