Matuƙi, Makaniki da Mai Mulki: Yadda Aka Yi Yaƙin Sama Tsakanin Iran da Iraƙi

A ranar 22 ga Satumba, 1980, jiragen yaƙin Iraƙi suka faɗa wa sansanonin sojan sama na Iran, har da filin Mehrabad da ke Tehran. Nufin shugaban Iraƙi Saddam Hussaini shi ne ya maimaita abin da Isra'ila ta yi wa Masar a 1967, wato ya ƙone jiragen abokin gaba tun suna ƙasa. Haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Yawancin jiragen Iran suna cikin rumfunan kankare masu kauri, bama-baman suka fi sauka a titunan tashin jirage, aka cike ramukan cikin sa'o'i. Kashegari Iran ta tayar da jirage wajen 140 suka shiga Iraƙi ramuwar gayya. Wanda ya ga wannan rana zai ce sama ta zama ta Iran. Amma kafin yaƙin ya yi nisa lamarin ya juye, kuma dalilin juyewar ya nuna cewa ingancin jirgi da jarumtar matuƙi ba su isa ba. Abin da ke riƙe rundunar sama shi ne kayan gyara, da horo, da amincewar masu mulki ga mutanen da suke turawa sama.

A farkon yaƙin babu mai tantamar cewa Iran ta fi. Shah Muhammad Reza Pahlavi ya zuba kuɗin mai wajen sayen jiragen Amurka: F-4, da F-5, da F-14 guda 79, jirgin da a lokacin babu ƙasar da ke da shi ban da Amurka da Iran. F-14 mutum biyu ke hawansa, matuƙi a gaba, a bayansa kuma jami'in da ke lura da na'urar hango jirage. Makaminsa mai linzami, Phoenix, yana iya cim ma jirgin da ke nesa da kilomita sama da 100, tun kafin matuƙin wancan jirgin ya san ana farautarsa. Matuƙan Iran da yawa a Amurka suka samu horo. Sai dai wannan horon ne ya zame musu laifi bayan juyin juya halin 1979, domin sabuwar gwamnati tana yi musu kallon yaran Shah. Da aka bankaɗo yunƙurin juyin mulki na Nojeh a Yulin 1980, wanda aka shirya ƙaddamarwa daga sansanin sojan sama na kusa da Hamadan, an kashe hafsoshi, an ɗaure wasu, wasu suka tsere. Wata biyu bayan haka Iraƙi ta kawo hari, dole Shugaba Abolhassan Bani-Sadr ya nemi a saki matuƙa daga kurkuku su koma bakin aiki.

Mai ja da wannan magana zai kawo harin H-3, kuma yana da hujja. Iraƙi ta kwashe wasu jiragenta zuwa sansanin H-3 can yamma, kusa da iyakar Jordan, inda take ganin hannun Iran ba zai kai ba. A ranar 4 ga Afrilu, 1981, jiragen F-4 guda takwas suka bi ta arewacin Iraƙi, suna tafiya ƙasa-ƙasa don kada na'urori su hango su, suna shan mai a sararin sama daga manyan jiragen Boeing. Shan mai a sama aiki ne mai hatsari ko da a lokacin zaman lafiya: jirage biyu suna gudu, tazarar da ke tsakaninsu 'yan mitoci ce, balle a yi shi kusa da ƙasa, a cikin yankin abokan gaba. Suka isa, suka ragargaza jiragen da ke ajiye, dukansu takwas suka dawo. Wannan gwaninta ce ta gaske. Amma tambayar ita ce, sau nawa za a iya maimaita ta? Tun bayan kama ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran a Nuwamban 1979, Amurka ta toshe hanyar kayan gyara. Makanikan Iran suka koma kwance jirgi ɗaya don su tayar da wani, kamar mai motocin haya da ke cire injin wannan ya ɗaura wa waccan, kullum motocin da ke kan hanya suna raguwa. Matuƙi kuwa ya fi jirgi wuyar mayewa, don shekaru ake ɗauka kafin a samu gwani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da gwanin matuƙin Iran Abbas Doran ya mutu a harin da ya kai Bagadaza a Yulin 1982, ƙwarewar shekaru masu yawa ce ta tafi tare da shi.

Iraƙi kuma ƙofofi a buɗe suke mata. Faransa ta fara miƙa mata Mirage F1 a 1981, ta kuma ba ta aron Super Étendard guda biyar a 1983 tare da makamin Exocet na kakkaɓe jiragen ruwa. Tarayyar Soviet, bayan ta dakata a farkon yaƙin, ta koma kawo jiragen MiG da Sukhoi, Saudiyya da Kuwait suna ba da rance. Da waɗannan ne Iraƙi ta riƙa dukan tsibirin Kharg, inda mafi yawan man Iran ke fita, da tankokin mai a Tekun Fasha. Exocet ɗin ne ma ya faɗa kan jirgin ruwan Amurka mai suna Stark a Mayun 1987, ya kashe sojoji 37.

A nan wata suka ta biyu take tasowa. Idan kayan aiki ne ke yanke hukunci, me ya sa Iraƙi, da duk wannan gata, ta shekara takwas tana yaƙi, har ta rasa yankin Faw a Fabrairun 1986? Amsar tana fadar Saddam. Mai mulkin da ke tsoron juyin mulki ba ya sakin jiki da sojan sama. Umarni daga sama yake zuwa, kuma abin da aka fi jaddada wa matuƙa shi ne kada a yi asarar jirgi, shi ya sa suke sakin bam daga nesa, ya faɗi inda ya faɗi. Sai da Faw ta suɓuce aka sassauta wa hafsoshi, nan da nan kuma aka ga bambanci: a shekarar 1986 ɗin jiragen Iraƙi suka kai har tashoshin man Iran na Sirri da Larak, can kudancin tekun. Ashe ciwon da ya nakasa Iran a 1980 shi ne ya daɗe yana cin Iraƙi, wato rashin yarda tsakanin mai mulki da matuƙinsa. Bai kamata kuma labarin gwaninta ya rufe abin da aka aikata da jiragen ba. Jiragen Iraƙi ne suka zuba iskar guba a garin Halabja a Maris ɗin 1988, mutum wajen 5,000 suka mutu, akasarinsu fararen hula.

An tsagaita wuta ranar 20 ga Agusta, 1988, iyakar ƙasashen biyu tana nan inda take. Da yaƙin Kuwait ya ɓarke a Janairun 1991, Saddam ya tura jirage sama da 100 zuwa Iran don kada Amurka ta lalata su. Iran ta riƙe mafi yawansu.