Baƙon da Bai Kwance Kaya Ba

Tun da Tarayyar Turai ta sake tsawaita izinin zaman 'yan gudun hijirar Yukren zuwa watan Maris na 2027, sai tsohuwar gardama ta farfaɗo, har ta kai ga masu sauraron rediyo a nan ƙasarmu suna tofa albarkacin bakinsu. Abin da akasarin mutane ke riƙe da shi hujja shi ne, wanda aka ba ɗaki da kuɗin cefane, aka sa 'ya'yansa makaranta, ya kwana ba ƙarar bindiga, to wace damuwa kuma ta rage masa da har za a nema masa likitan ƙwaƙwalwa? Wannan zato bai tsaya ga talakawa ba, domin Friedrich Merz, wanda yanzu shi ne shugaban gwamnatin Jamus, a 2022 ya taɓa zargin waɗansunsu da yawon cin kuɗin taimako, daga baya ya nemi afuwa.

Haƙiƙa an yi musu alheri. Rasha ta auka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, ran 4 ga Maris Turai ta zaro wata doka da ta ajiye tun 2001 ba ta taɓa aiki da ita ba, ta ba su izinin zama da aiki da magani ba tare da doguwar shari'ar neman mafaka ba, har mutum fiye da miliyan 4 suka shiga inuwarta, Jamus na da sama da miliyan ɗaya, Poland na biye. Mai adalci ba zai manta cewa ba a buɗe wa Siriyawa ƙofa da wannan hanzari ba, kuma ɗaliban Afirka, har da namu na Nijeriya, sun sha wulaƙanci a kan iyaka a makon farko. Amma zaluncin da aka yi wa wani ba ya zama dalilin musun ciwon wani.

Da yake a 2022 an hana maza masu shekara 18 zuwa 60 fita daga Yukren, mafi yawan waɗanda suka ƙetare mata ne da yara da tsofaffi. Sai ka tarar da mace a birnin Warsaw, wayarta na ɗauke da manhajar da ke kuka duk sa'ad da aka hango makami ya nufi garinsu, ta farka tsakar dare ta aika wa mijinta saƙo, ta zauna tana duban allon wayar har ya amsa ko gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa cikin mutum biyar da ke zaune inda yaƙi ya shafa, ɗaya na fama da ciwon baƙin ciki ko fargaba ko firgicin abin da ya gani, ko abin da ya fi su tsanani. Mafi yawan wannan ba hauka ba ne, jiki ne da ya saba zama cikin shirin gudu ya kasa sakin kansa, barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa bugawa don an buga ƙofa, hankali ya ƙi tsayawa kan karatu. Shi ya sa a Jamhuriyar Cek, inda aka saba gwada jiniyar gargaɗi da tsakar ranar Larabar farko ta kowane wata, sai da hukuma ta dakatar da gwajin a farkon zuwan baƙin. Irin waccan mace ta Warsaw ce ake zaunarwa a aji a Jamus ta yi sa'o'i 600 na koyon Jamusanci, in ta gaza a ce lalaci ne.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda masu mulki ba su cika son a taɓo ba, shi ne izinin nan na wucin gadi ne, ana sabunta shi shekara-shekara. Ɗan haya da mai gida ke ce wa kowane ƙarshen wata ya ƙara wata ɗaya tukuna, ba zai yaɓe katanga ba, ba zai dasa ko zogale ba, ba zai ma wahalar da kansa wajen sanin maƙwabta ba, alhali kuwa sanin maƙwabtan nan da samun sana'a da jin harshen gari su ne rabin maganin. Saboda wannan rashin tabbas yara da yawa suka riƙa karatu biyu, makarantar gari da safe, ta Yukren ta intanet da yamma, waɗansu kuwa ba su taka ta garin ba sam, har Poland ta wajabta musu shiga aji daga Satumba 2024.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su wadata ba ko ga 'yan ƙasa, kuma da wuya mutum ya buɗe cikinsa ta bakin tafinta, balle mutanen da suka gaji tsoron asibitin mahaukata tun zamanin Tarayyar Sobiyat, lokacin da ake kulle masu saɓa wa gwamnati a ciki. Don rage wannan ƙyama ne Olena Zelenska, matar shugaban Yukren, ta jagoranci wani shiri na ƙasa da ke koya wa mutane su tambayi juna yaya suke, su kuma tsaya su ji amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsari na zama biyar kacal, wanda wanda ba likita ba zai iya gudanarwa in an horar da shi, kuma cikin 'yan gudun hijirar kansu akwai masana halayyar ɗan Adam da malamai da ma'aikatan jinya, waɗanda da yawansu ke sharar otal domin ofisoshi sun yi jinkirin amincewa da takardunsu.

Gwamnatin da ke son ta rage kuɗin taimako, hanyarta mafi kusa ita ce ta gaggauta tantance waɗannan takardu, ta samar da wurin renon yara don uwaye su fita aiki, ta kuma faɗa wa mutane ƙarara matsayinsu bayan Maris na 2027.