Shawarar jarirai: haske magani ne, amma da awo

A ƙauyukan Sassumbrum, kamar sauran karkarar gundumomin Magarya da Dungas, in mace ta haihu sai ta zamna ɗaki ita da jaririnta, ba a cika fitowa da shi ba sai ranar suna. Al'ada ce mai hutar da mai jego. Amma cikin kwanakin nan bakwai ne ciwon shawara ke kama jarirai, ɗaki kuwa da duhu, har idon yaro ya yi rawaya ba wanda ya lura.

Shawara tana samuwa ne in ƙwayoyin jini suka farfashe suka saki wani sinadari rawaya da likitoci ke kira bilirubin, hantar jariri kuwa ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba tukuna. Kimanin kashi 60 cikin 100 na jariran da suka cika wata tara suna yin ta a makon farko, kuma ga mafi yawansu tana wucewa da kanta. Amma in ta yi yawa, sinadarin yakan hau ƙwaƙwalwa, yaro ya kurmance, ko jikinsa ya shanye, ko ya rasu. Ƙwallon kafur da ake sawa cikin tufafin jariri, da lalle a jikinsa, suna tsananta ta ga yaran da suka gaji wani rauni na jini, wanda ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma.

Maganinta haske ne. A shekarar 1956, a asibitin Rochford ta ƙasar Ingila, wata malamar jinya mai suna Jean Ward ta lura cewa bakwainin da take fitarwa shan iska fatarsu tana washewa, sai wurin da zane ya rufe. A 1958 Dokta Cremer da abokan aikinsa suka tabbatar da abin a rubuce. Shuɗin haske yana sauya sinadarin nan ya koma wanda jiki ke iya zubarwa ta fitsari da bayan gida.

To, amma haske kamar ƙwayar magani yake, yana da awonsa. Ana duba launin fitila da ƙarfinta da nisanta daga jiki, da faɗin fatar da hasken ke taɓawa; shi ya sa ake tuɓe yaro, a bar shi da ɗan bante kawai. Ana rufe masa idanu, ana auna zafin jikinsa, uwa kuma ta riƙa ba shi nono a kai a kai don kada ruwan jikinsa ya ƙare. Awon jini ne ke nuna lokacin kashe fitila. Fitilar da ta tsufa tana iya ci gaba da haskawa alhali ƙarfinta ya tafi, wannan kuwa ido ba ya ganewa, sai na'urar awo. Ga kuma bukatar wutar lantarki dare da rana, wadda ita ce babbar wahalar asibitocin karkara, kuma ya kamata magabata su sa mata ido.

Wani zai ce ai ba a rasa rana a ƙasar Damagaram ba. Gaskiya ne, amma shanya jariri a tsakar gida haɗari ne, domin rana tana ƙona fata, ta zafafa jiki, ta busar da yaro. A asibitin haihuwa ta Island da ke Legas an gwada wata dabara a kan jarirai 447, aka bayyana sakamakon a 2015. An kwantar da wasu ƙarƙashin rumfar wata leda ta musamman mai tace hasken da ke ƙona fata, wasu kuma ƙarƙashin fitila, sai aka iske rumfa ba ta gaza fitila ba. Sai dai shawarar yaran ba mai tsanani ba ce, kuma ma'aikata suna auna zafin jikinsu kowace awa. Ledar kasuwa ba ta wannan aiki.

Aikin unguwarzoma da kakanni shi ne su fito da jariri bakin ƙofa kowace safiya, su dubi farin idonsa da dasashinsa, su danna goshinsa da yatsa su ga launin wurin. In rawaya ta bayyana tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, ya yi laushi, yana kuka mai tsini yana banƙarewa, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira suna. Ma'aikatan kiwon lafiya su ne za su tura shi inda akwai fitila.