Me ya sa ake koya wa likita tambayar “wace sana'a ake yi a gidanku?”

Likita mai neman ƙwarewa, wato wanda ya gama jami'a ya shiga horo a asibitin koyarwa, yakan kwashe shekaru yana koyon karanta sakamakon gwaji da zaɓen magani. Yanzu asibitoci da dama, musamman a Amurka, sun ƙara masa darasi: ya tambayi majinyaci ina yake kwana, me ake ci a gida, da me ake neman kuɗi.

Ba gulma ba ce, bincike ne ya kawo haka. A 1967 aka fara bin diddigin lafiyar maza ma'aikatan gwamnati kusan 18,000 a Landan. Mutuwa a cikin ƙananan ma'aikata, irin su masinjoji, ta kai kusan ninki uku na ta manyan jami'ai, alhali duk asibiti kyauta suke zuwa. Shan taba da hawan jini ba su isa su bayyana dukkan giɓin ba. Michael Marmot, ɗaya daga cikin masu binciken, shi ya jagoranci kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fitar da rahoto kan wannan batu a 2008.

Mu ma mun gani a gida. A 2010 yara sun yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Yaro mai jijjiga a nan, zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ake fara zargi, amma maganinsu bai yi aiki ba. Ashe duwatsun zinare ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar cike da dalma, yara na rarrafe a cikinta. Wajen yara 400 suka rasu. Ko maganin fitar da gubar ma ba ya daɗewa yana amfani sai an kankare ƙasar gidan, in ba haka ba yaro ya koma ya sake kwasa.

To, tambaya kaɗai ba ta wadatar. Ka tambayi uwa ko akwai abinci, ta ce babu, ka rubuta ka rufe fayil, me ka yi mata? Shi ya sa horon kirki ke haɗa likita da wanda zai tura wa. A Boston, tun 1993 sashen yara na wani babban asibiti ya ɗauki lauya, saboda masu asma suna ta dawowa daga gidajen haya masu danshi da fumfuna. Likita ya gano, lauya ya rubuta wa mai gidan ya gyara.