Leƙen Kifi a Gidansa: Yawon Teku a Tsibiran Fi Fi

A kudancin ƙasar Tailan akwai wani babban tsibiri da a ke kira Fuket, inda mutane daga ko'ina cikin duniya su ke zuwa hutu. Abin da ya fi jan hankalinsu kuwa shi ne fita teku cikin ƙaramin jirgin ruwa mai inji biyu ko uku zuwa tsibiran Fi Fi, tafiyar kimanin kilomita 45, don su leƙa kifi a gidansa.

Da sassafe mota ta ke bi otal-otal tana kwasar baƙi zuwa bakin ruwa. Can za a ba kowa rigar da ke hana nutsewa, da tabarau na ruwa wanda ya ke rufe ido da hanci, da wani ɗan gajeren bututu. Jirgin ya kan yi wajen awa guda yana tsalle bisa igiyar ruwa, har wanda ya zauna gaba ya kan sauka da ciwon baya.

In an isa wurin da ruwa ya kwanta, sai a tsaya. Mutum ya sa tabarau, ya ciji bakin bututun, ya kife bisa ruwa rub da ciki. Fuskarsa tana cikin ruwa, amma ɗaya bakin bututun yana sama, ta nan ya ke shaƙar iska. Ruwan garai-garai ya ke, sai ka ga kifaye ja da rawaya da shuɗi suna kai da kawowa tsakanin murjani kamar ranar kasuwa.

Shi wannan murjani, ko da ya ke kama da dutse, ƙananan halittu ne masu rai, su ke gina shi a hankali, shekara da shekaru. Cikinsa kifi ya ke samun abinci da mafaka. In aka taka shi, ko ƙarfen tsayar da jirgi ya faɗa masa, sai ya karye, kuma ba ya komawa da wuri.

Abin da ya faru ke nan a wani lungun teku mai suna Maya. Bayan da aka nuna shi cikin wani sinima na Amurka a 2000, sai jama'a su ka yi masa caa, har ta kai dubban mutane su ke sauka a rana guda. Murjani ya lalace, kifi ya watse. Ganin haka hukuma ta rufe wurin a watan Yuni na 2018. Masu jiragen da ke cin abinci da wurin sun koka ƙwarai, amma ba a buɗe ba sai Janairu na 2022. Kafin nan ƙananan kifayen shak masu baƙin tsinin fiffike sun komo suna haihuwa. Da aka buɗe, sai aka hana jirage shiga ta gaba, aka hana iyo, aka kuma ƙayyade yawan masu shiga. An yi gyaran ne don kada kwaɗayin yau ya kashe abincin gobe.

Sai dai fa teku ba ta da amana. Daga Mayu zuwa Oktoba lokacin damina ne a wannan yanki, iska ta kan taso ba sallama. Ran 5 ga Yuli, 2018, wani jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Phoenix ya nutse kusa da Fuket cikin hadari, mutum 47 su ka rasu, dukansu 'yan ƙasar Sin. Tun kafin nan kuma, ran 26 ga Disamba, 2004, ambaliyar teku ta tsunami ta afka wa Fi Fi, ta hallaka jama'a da dama.

To, nan ne maganar ta shafi 'yan'uwa mazauna Kurmi. Da yawa cikinsu sun taso ne inda ba su san wani ruwa ba sai na rafi da kududdufi, ga shi neman abinci ya sa suna shiga kwalekwale mai inji a Ikko da Fatakwal da Warri. Ka'idar Fuket ita ce ta Apapa. Kada mutum ya shiga jirgin da ba rigar hana nutsewa, in an ba shi kuwa ya ɗaura ta sosai kafin a tashi. In ya ga an yi lodi ya wuce kima, ko hadari ya haɗo, ya haƙura ya jira na baya. Wanda bai iya iyo ba ya faɗa tun a tudu, wannan ba abin kunya ba ne.

Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa, amin.