Disney Ya Koma Ɗumame Ne?

'Yar'uwa, in dai kina da yara a gida, ba sai an gaya miki ko mene ne Disney ba. Kamfanin nan na Amurka, wanda aka kafa a 1923, shi ya yi Snow White a 1937, kowane motsi da hannu aka zana shi. Yau ga mata da yawa suna kukan wai finafinansa sun lalace.

Ni a ganina ba gwaninta ce ta ragu ba, sabon labari ne ya yi wuya. Dubi The Lion King na 1994. Sa'ad da Mufasa ya mutu, fuskar ɗansa Simba kaɗai ta isa ta sa babba hawaye. Da aka sake yin fim ɗin da kwamfuta a 2019, zakunan sun fito tamkar na dawa, har gashin jikinsu kya iya ƙirgawa. Amma zakin gaske ai ba ya ɓata fuska. Uba ya mutu, ɗa na tsaye kamar ba abin da ya faru. Duk da haka ya tara fiye da dala biliyan 1.6. To, wanda ɗumame ke kawo wa wannan kuɗi, me zai kai shi hura wuta? Sabon da suka gwada a 2023, Wish, bai ma yi kasuwa ba.

Kada dai mu zalunce su, Moana na 2016 ya yi daɗi, kuma yarinya ce jarumar, 'yan makaranta sai ku neme shi. Ke kuwa uwargida, in yara suka dame ki da zaki, sa musu na 1994, ki zauna tare da su. Ki rungume autan kafin garken nan ya gangaro kwazazzabo.