Kajin Ƙwai a Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Hunturu Ya Kankama

Da zarar hazo ya sauko a ƙarshen Nuwamba, masu kiwon kaji a gida sukan shiga neman buhuna da ledoji, su toshe kowace kafa ta akurki, wai kada sanyi ya kashe musu kaji. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa toshewar ce ke jawo asara. Babbar kaza mai cikakken gashi ba ta tsoron sanyin Kano ko Katsina ko Maraɗi. Zafin jikinta yana kai digiri 41, kuma ta fi sakewa idan yanayi yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. Daren Janairu da ke sauka zuwa digiri 12 ko 13 bai isa ya yi mata illa ba, zafin Afrilu mai haura 40 shi ya fi kashe ta. Abin da ke cinye kaji a hunturu cuta ce, sai iska mai ƙura da ke bugunsu kai tsaye, sai kuma ɗakin da aka rufe ruf.

Cutar ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul. A ƙauye ba a wahalar da baki, sai dai ka ji an ce ciwon kaji ya shigo gari. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san kamanninta: kaza ta takure a gindin bango, fukafukai a sake, tana koren zawo, tana numfashi da baki a buɗe. Wadda ta daɗe ba ta mutu ba sai wuyanta ya murɗe, ta riƙa juyawa wuri ɗaya. Masu ƙwai kuwa su daina, ko su riƙa zubar da ƙwai mai laushin ɓawo. A arewacin Najeriya ta fi ƙamari a watannin hunturu, kuma lokacin ya dace da hadahadar kajin Kirsimeti da sabuwar shekara, inda ake ta kai kaji daga wannan kasuwa zuwa waccan. A garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya share kusan kowa cikin mako ɗaya ko biyu.

Ba ta da magani. Kafson nan ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwa, da barkono, da sassaƙen maɗaci, babu wanda ke kashe ƙwayar cutar, domin ba irin wadda maganin kafso ke ci ba ce. Kazar da ta tashi bayan an ɗura mata barkono, ƙarfin jikinta ne ya tashe ta. Abin da ke aiki rigakafi ne, kuma a cikin ƙasa ake yin sa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana haɗa Lasota da ake sawa a ruwan sha, da kuma I-2 da ake ɗigawa a ido. Shi I-2 ya fi dacewa da mai kaji goma ko ashirin, saboda ya fi jure rashin firji, ko da yake wannan ba lasisin ajiye shi a rana ba ne. Ɗigo ɗaya a ido ɗaya, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Idan Lasota aka samu, a ɗauke wa kajin ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, a dama shi da ruwan rijiya mai tsabta, ba na famfo mai sinadarin kulorin ba, su shanye cikin awa biyu.

Jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin rigakafin ya kama, don haka Oktoba zuwa farkon Nuwamba ne lokacinsa. Yi wa kazar da ta riga ta kamu ɓarnar kuɗi ce kawai. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da an buɗe ta ba ta kwana, saboda haka ku haɗa kai da maƙwabta a yi rana ɗaya. Hakan ma ya fi, tunda kazar maƙwabci ba ta san iyakar danga ba. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta kuma a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran, ko daga gidan surukai ta fito.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, tana ɗauke da ƙurar Sahara. Wannan gefen da take bugowa shi za a tare da zana ko buhu, daga ƙasa har ya wuce inda kajin ke kwana. Sama kuwa, can kusa da rufi, a bar shi a buɗe da waya. Kashin kaji yana fitar da wani tururi mai yaji, wanda idan bai samu mafita ba yake ƙona musu ido da maƙogwaro, ya buɗe wa mura hanya. Gwajin ba shi da wuya. Ku shiga akurkin da asuba kafin a buɗe, ku durƙusa daidai tsayin kaza, ku shaƙa. In idonku ya yi yaji ko hanci ya ɗauka, ɗakin ya rufu da yawa. Da rana ta ɗaga a naɗe buhunan, da magariba a sauke su.

A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, a kwashe duk inda ruwa ya jiƙa. A gicciye sanda don su hau su kwana, kowace kaza ta samu kamar taki ɗaya, sannan gurbin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Wani lungu a zuba yashi da toka, su yi birgima, yana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

'Yan tsaki ne sanyi ke kashewa da gaske. A makon farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan kowane mako har gashi ya rufe su. Ba sai da ma'auni ba: in sun cunkushe a jikin wuta suna tsuwa, sanyi suke ji, in sun gudu bango baki a buɗe, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna tsattsaga, daidai ne. Mai amfani da kaskon gawayi ya hura shi a waje har hayaƙi ya ƙare kafin ya shigar, ya ɗora shi a kan bulo, nesa da zana. Hunturu lokacin gobara ne, komai ya bushe, ga iska.

Wata tambayar da ake yawan yi ita ce me ya sa ƙwai ke raguwa alhali kajin lafiyarsu lau. Sau da yawa haske ne. Tsawon yini ne ke motsa jikin kaza ta yi ƙwai, kuma kajin gidan gona irin su ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, sun fi bayarwa da hasken awa 16. A Kano yinin Disamba bai kai awa 11 da rabi ba. Ƙaramin ƙwan fitilar sola ya wadatar, a kunna daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma, ko a raba da asuba. Kada a bar shi har safe, kuma kada a yi yau a fasa gobe. Kazar Hausa kuwa, mai ƙwai 40 zuwa 60 a shekara tana tsayawa kwanci, fitila ba za ta mai da ita ta gidan gona mai kusan 300 ba. Kuma ba a buƙatar zakara don kaza ta yi ƙwai, sai in ƙyanƙyasa ake so.

Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai kaji goma kamar mako uku, a sanyi ma ya ɗan gaza, domin cinsu yana ƙaruwa. Dusa da ragowar tuwo suna riƙe rai, ba sa yin ƙwai. Sai an haɗa da waken suya gasasshe ko ƙuliƙuli, da garin ƙashi ko ɓawon kawa don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Ruwa kuwa kusan ninki biyu na abincin take sha, ga iskar hunturu tana busar da kasko tana cika shi da ƙura, sai a canza safe da yamma. Mai haɗa abinci da kansa ya sayi masara da kaka, lokacin da ta fi araha, ya tabbata ta bushe sarai, ya ɗora buhunan a kan katako. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna guba ne ga kaza, kada a ce ai kaji ne za su ci. Kashin da aka share kuma a tara a buhu, masu lambun rani suna nemansa da kuɗinsu.

Saura murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015, kuma ita ma ta fi son watannin sanyi. Tana kama da Niyukasul, sai dai tana iya kama mutum. Idan kuka wayi gari kaji da yawa sun mutu lokaci ɗaya, zanko ya yi baƙi, fuska ta kumbura, kada ku yanka sauran ku ci, kada ku garzaya da su kasuwa, kada yara su taɓa gawar. Ku sa leda a hannu, ku binne su a rami mai zurfi, ku wanke hannu da sabulu, sannan ku sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku a ranar.